Layi Ɗaya a Goshin Saƙon Salisu

Akwai maganar da ake yi a gidan nan tun kuna ƙanana, ana sassauta murya idan na shigo. Na san kun ji ta. A wurin dangin babanku, ni ce matar da ta sa aka kulle Baba Salisu, aka nuna mata hanyar fito da shi ta ƙi. A wurin tsofaffin abokan aikina kuwa, ni ce wadda ta tsaya wa sojoji, suna ƙara wa labarin gishiri har ni kaina ba na gane kaina a ciki. Yanzu idona ya fara gajiya, waɗanda suka san abin kuma suna ta raguwa, gara ku ji daga bakina.

A lokacin muna zaune a Harobanda, wata unguwar Yamai a ƙetaren kogi, ni da babanku da ku, da Inna kakarku, wadda ta baro Damagaram ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Babanku yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati. Ni kuma kowace safiya sai in hau moto, wato babur, in ƙetare gada zuwa unguwar Maourey, inda nake aiki a biron wata ƙungiyar manoma da makiyaya, wato ofishinta, a wani tsohon gida mai bene. Ƙungiyar tana da rassa a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Aikina shi ne kula da kwamfuta guda, wadda kowa ke kira inji, da ƙaramin akwatin da ke haɗa ta da wayar tarho. Ba kamar yanzu ba ne da saƙo ke faɗo muku a tafin hannu. Injunan rassa su ke kiran nawa su zuba saƙonninsu, nawa kuma ya kira waje sau biyu a yini, ya tura abin da ya tara, ya kwaso abin da ke jiranmu. Ni na rubuta porogaram ɗin da ke wannan raba-rabar, ina koyo daga wasu takardun da aka yi mini fotokofi har sun dushe. Ni ce kuma na buɗe wa mutane adireshin aika saƙo: ma'aikatanmu, da wasu da ba namu ba amma suna hulɗa da rassan, irin su malaman lakwal, wato makarantun boko na ƙauye, da ungozomomi da masu allurar dabbobi. Ina alfahari da wannan aiki, ba zan ɓoye ba. Mata kaɗan ne a Yamai a lokacin suka san abin da na sani.

Dole in bayyana muku wani abu, don a kansa komai ya faru. Kowane saƙo na mel, wato wasiƙar da ake aikawa ta inji, kashi biyu ne. Akwai jiki, wato abin da mutum ya rubuta, akwai kuma abin da ke bisansa. Da Faransanci antet muke cewa, ni dai goshi nake kiransa. Layuka ne a jere, kowane da sunansa, sai ɗigo biyu, sai bayaninsa: wa ya aiko, wa aka aika wa, yaushe, a kan wane batu. Waɗannan su mai karatu ke gani. Amma akwai wasu da ba a nuna masa sai ya nema. Duk injin da saƙo ya ratsa yakan buga hatiminsa a goshin, ya ce na karɓa daga wane, a wuri kaza, da ƙarfe kaza. Wanda ya iya karanta goshi zai bi sawun saƙo har kujerar da aka zauna aka rubuta shi.

A shekarar da nake ba ku labari sojoji ke mulki. Damina ta fara da kyau, gero ya tashi, sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da zai fid da kai. Kafin sanyi ya wuce mun fara ganin matan ƙauye a bakin gada da goyo da ƙulli, suna zaune ba su sayar da komai. Wata ranar Lahadi wata mata ta yi sallama a ƙofarmu tana neman dusa, wai za ta ba akuyarta. Inna ta dube ta, ta shiga ta ɗebo mata gero. Da matar ta tafi ta ce da ni, “Wannan ba ta da akuya.” Amma a rediyo ba a cewa yunwa. An hana kalmar. Sai dai a ce wasu yankuna sun samu gibin abinci kuma hukuma na kula da lamarin. Wanda ya faɗi akasin haka, an ce yana ɓata sunan ƙasa ne.

Salisu, ƙanen babanku, shi ke riƙe da reshenmu na Tawa. Ku kun san shi mutum mai shiru da ke juyo muku da kunnen dama idan kuna magana. A da ba haka yake ba. Mai surutu ne, mai tsokana, ba ya shiga gidanmu bai ɗaga murfin tukunyata ya kushe miyar ba. Ya zo Yamai wani taro, bayan an watse ya same mu ni da daraktanmu, Mushe Ide, wato Malam Ide a bakin masu Faransanci, wani dattijon Bazabarme mai haƙuri. Ya ajiye littafinsa a kan tebur. A ciki ya rubuta ƙauyukan da ya zagaya, inda ake tonon gidan tururuwa don tsabar da suka tara, inda ake jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya ragu a ci, da inda ya tarar da gidaje a buɗe ba kowa.

“Mushe, idan waɗanda muke aiki da su a waje ba su ji ba, hatsi ba zai zo ba,” in ji shi. “Idan ya zo bayan ruwa ya sauka, hanyoyi sun yanke, kamyon ɗaukar kaya ba ya shiga.”

Mushe Ide ya ce, “A aika, amma da sunan ƙungiya. Kada sunan kowa ya fita.”

Salisu ya ce ai ba zai sa hannu a ƙasa ba, shi ke nan. Na ce da su ba shi ke nan ba ne. Na buɗe wani tsohon saƙonsa na nuna musu goshin gaba ɗaya, sunansa da sunan injinsa a wuri uku. Salisu ya yi dariya.

“To matar yaya, ke da kika san inda suke, goge su mana.”

Na ce zan goge. Na ƙara wa porogaram ɗin wani sashe: duk saƙon da aka yi wa alamar rahoto, kafin ya fita waje, a bi goshinsa layi-layi, a cire duk wanda ya fara da sunan mai aikowa ko da hatimin inji, a sa adireshin ƙungiya a madadinsu. Na gwada shi da tsofaffin saƙonnin da ke ajiye, daga kowane reshe, kowanne ya fito fes. Na gaya wa Mushe Ide an gama. Cikin makonni kaɗan rahoto biyar suka fita. Ɗaya na Salisu ne, sauran huɗun na mutanen da na buɗe wa adireshi ne, suka zo rassanmu suka rubuta don an tabbatar musu ba wanda zai san su.

Ga abin da ban lura da shi ba. A ƙa'idar goshi, idan layi ya yi tsawo, an yarda a karya shi biyu, ragowar ta sauko ƙasa, ta fara da ɗan fili kafin rubutu. Wannan filin shi ke nuna cewa ba sabon layi ba ne, ci gaban na sama ne. Na karanta wannan a takarduna, na san shi. Amma injunanmu ba su taɓa karya layi ba, sai na bar shi ya fita daga kaina. Ashe a wannan watan injin Tawa ya lalace, aka kai musu wani, shi kuma hatiminsa dogo ne, yana karyewa biyu. Porogaram ɗina ya ga rabin farko ya cire. Rabi na biyu bai fara da sunan komai ba, da fili ya fara, sai ya bar shi ya wuce. Da na ɗauki sabon saƙo guda daga Tawa na gwada, da na gani. Ban yi ba.

Mutanen waje sun karɓi rahotannin, suka yi ta tura wa junansu, har wani gidan rediyo na ƙetare ya karanta wani yanki. Kwana huɗu bayan haka jandarma suka ɗauke Salisu a bironsa, aka kawo shi Yamai. Mun yi kwana biyu ba mu san dalili ba. Ni har ina ce wa babanku wani ne a Tawa ya kai shi, don ta wajena dai ba abin da ya fita.

Ranar Talata da hantsi wani kaftin ya hawo benenmu, shi kaɗai, ya bar direbansa a ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, yana kuma da 'ya'ya. Mutum ne mai ladabi, ya gaida Mushe Ide da Zabarmanci, ya juyo ya gaishe ni da Hausa. Ya ciro takarda daga dosiye ya ajiye gabana. Rahoton Salisu ne, an buga shi da goshinsa duka. A tsakiyar goshin an ja jan biro ƙarƙashin wani gajeren layi da ya ɗan shige ciki fiye da 'yan'uwansa. Sunan Salisu ne da sunan injin Tawa. Ina ganin yadda layin ya shige ciki na gane abin da ya faru. Kuskurena ne.

“Madam, an gaya mini injin nan yana riƙe rajistar duk abin da ya ratsa ta cikinsa,” in ji shi. “Gaskiya ne?”

Gaskiya ne. Rajistar tana nan, da sunan kowa da ranar da ya aiko.

“Rahoto biyar ne. Mun san mai ɗaya. Ina son sauran huɗun. Daga yau kuma, duk saƙon da zai fita, ina son a riƙa ajiye mini wannan na saman. Ba na son abin da ke ciki, na saman kawai. Ke ba sai kin karanta wasiƙar kowa ba.”

Ya mai da murfin alƙalaminsa, ya ƙara da cewa, “Na ji yaron ƙanen maigidanki ne, kuma tsohuwarsu tana wurinku. Idan muka fahimci juna, ranar Juma'a zai yi salla a gida. Zan dawo Juma'a da safe.”

Da ya sauka, Mushe Ide ya daɗe yana kallon takardar da ya bar mana. Na gaya masa kuskurena ne, na nuna masa yadda aka yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce shi bai san cikin inji ba, ni na sani, kuma ɗan gidanmu ne a hannunsu, don haka ba zai ce in yi ko in bari ba. Abin da na zaɓa zai tsaya a kai.

Na buɗe rajistar na duba sunayen huɗun. Ɗaya ungozoma ce a wani ƙauye bayan Maraɗi, na taɓa ganinta sau ɗaya, tana da ciki a lokacin. Biyu malaman lakwal ne. Na huɗun tsoho ne mai allurar shanu, wanda bai iya buga rubutu ba, sai da aka buga masa. Har yau ban faɗa wa kowa sunayensu ba, ko babanku, kuma ba zan faɗe su a nan ba.

Na koma gida da azahar, abin da ban saba ba. Na tarar da babanku ya dawo daga yawon neman wanda zai yi mana hanya, Inna tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, abincinta a rufe tun na safe. Na durƙusa na faɗa musu duka, daga kuskuren har zuwan kaftin. Na yi tunanin in ɓoye rabin, in ce an tambaye ni abin da babu. Da na yi haka da zamana a gidan nan ya fi sauƙi. Amma na riga na cuce su sau ɗaya ba da niyya ba, ban ga yadda zan ƙara da ƙarya ba.

Inna ta ce, “To alhamdu lillahi. Ashe abin a hannunki yake. Ki ba su.”

“Inna, mutum huɗu ne. Idan na ba da, su ma ɗauke su za a yi.”

“Su huɗun nan ni na haife su?”

“A'a, Inna.”

“Ke kika jefa mini ɗa a rami, an miƙo miki igiya, kina gaya mini wasu mutane? Ramatu, dube ni. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da kika shigo gidan nan.”

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Ita ta yi mini wankan jegonku duka, ita ke riƙe ku ina wurin aiki, lokacin da maƙwabta ke cewa wace irin mace ce ke hawa moto ta bar 'ya'ya. Na ce, “Na yi musu alkawari, Inna. Da bakina aka gaya musu ba wanda zai san su.”

Ta juya ga babanku. “Kai ba ka da baki? Matarka ce.”

Babanku ya tashi ya shiga ɗaki, na bi shi. Ya zauna bakin gado yana murza hularsa.

“Idan kin ba su, kin tabbata za su sake shi?”

“Ban tabbata ba, Malam. Wataƙila su sake shi. Amma daga ranar, duk wanda ya rubuta mana, ni zan riƙa miƙa shi.”

“Idan na ce ki ba su fa?”

Na ce, “Zan roƙe ka ka yafe mini.”

Ya ajiye hular a kan gado. Daga baya ya ce, “Ban ce ki ba su ba, ban ce kada ki ba su ba. Uwata ce a waje, ƙanena ne a can. Kada ki sa ni in faɗi wani abu.” Wasu daga cikinku suna ganin babanku ya yi rauni a wannan rana. Ku daina. Ya san abin da zai biyo baya a wurin aikinsa, kuma bai hana ni fita da safe ba.

Laraba da Alhamis a gaban inji na yi su. Wuta tana ɗaukewa tana dawowa, duk sanda ta ɗauke sai in ci gaba da rubutu a takarda, ta dawo in buga. Na gane cewa tun tushe na ɗauki aikin a karkace. Na ce a cire abin da na san yana da haɗari, a bar saura, alhali abin da ban sani ba shi ya kama Salisu. Sai na juya shi. Sabon porogaram ɗin yana fara haɗe duk layin da aka karya ya koma guda, sannan ya zubar da goshin gaba ɗaya, ya gina sabo daga babu. Adireshin ƙungiya, wanda za a aika wa, batu, ranar fita daga Yamai ba ranar rubutawa ba, da sabuwar lambar saƙo wadda ba ta ɗauke da sunan injin kowa. Abin da ban sa da hannuna ba, ba ya fita. Na kira rassan uku ta tarho na sa kowanne ya aiko mini sabon saƙo a take, na gwada da su. Na ƙirƙiro munanan goshi da kaina, masu layi a karye sau uku, masu harufan Faransanci da ke rikita inji, masu fili a inda bai kamata ba, na yi ta jefa masa. Sau biyu ya faɗi, na gyara. Akwai wahala guda: idan babu sunan mai aikowa, amsa ba ta san inda za ta koma ba. Muka shirya da Mushe Ide cewa amsa ta tsaya a biro, a buga ta a takarda, direbobin da muka yarda da su su kai rassa a hannu, mai ita ya zo ya gane tasa.

Ranar Alhamis da la'asar na hana inji riƙe sunaye daga nan gaba. Sai na zo kan rajistar. Na san idan na share ta, ko na canza ra'ayi gobe, ko an kawo Salisu gabana ana dukansa, ba ni da takardar da zan miƙa musu su yarda. Sunayen suna kaina, amma kai ana iya cewa ya manta. Na zauna ina jin kiran salla daga masallacin kasuwa, yatsana a kan maɓalli. Na tuna Inna a tabarma. Na danna. Na bi wurin da rajistar take na cika shi da shara, na sake sharewa, har sau uku, don kada wani gwani ya tono ta. Na kwafe porogaram ɗin a disket, wato ɗan faifan kwamfuta, na sa a cikin lalitar da nake ɗaurawa ƙarƙashin zane.

Kaftin ya zo Juma'a da safe kamar yadda ya ce. Na gaya masa babu rajista, na share ta jiya, kuma ba zan ajiye masa goshin saƙon kowa ba. Mushe Ide yana tsaye a bayana.

“Kin san abin da kika yi wa ƙanen mijinki?”

“Na sani, mon kapiten.”

“Mutum huɗun da ba ki haɗa komai da su ba.”

“Ni na buɗe musu adireshi.”

Ya dube ni kamar mai son ƙara magana, sai ya leƙa ta taga ya kira mutanensa. Suka kwashe injin da akwatin tarho da duk disket ɗin da ke cikin durowa. Ni ma aka tafi da ni, aka yi mini tambayoyi har bayan la'asar, tambaya ɗaya ce ake juyawa. Ba wanda ya taɓa ni. Na sha jin ana cewa an dake ni, ba gaskiya ba ne. Wanda aka daka Salisu ne.

Kwana goma ba mu da inji. Sai wani ɗan kasuwa Bamaraɗe a unguwar Zongo, wanda ƙauyensu ke cikin wuraren da abin ya fi tsanani, ya ba mu aron nasa da wayar tarhon shagonsa, a wani ɗaki bayan buhunan siminti. Nan na zuba porogaram ɗin. Rahotanni suka ci gaba da zuwa, suka ma ƙaru, don labari ya kai ƙauyuka cewa an kama mutum ɗaya amma ba a kama na biyu ba. Duk wanda zai fita sai na buɗe goshinsa na karanta da idona, layi-layi, ko da na san porogaram ya yi aikinsa. Hatsi ya zo daga baya. Ba zan ce mu muka kawo shi ba, mutane da yawa sun yi magana ta hanyoyi da yawa, wasunsu sun fi mu shan wuya. Kuma ya zo a makare ga wasu ƙauyukan da ke cikin littafin Salisu.

A gida kuwa, wata bai cika ba aka ba babanku takardar canjin wurin aiki zuwa can arewa cikin hamada, inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako. Shekara uku ya yi, daga nan kuma bai ƙara samun ci gaba a aiki ba har ya yi ritaya. Inna ta daina cin abin da na dafa. Ta sa aka kafa mata murhu a bayan ɗakinta. Ita ke dafa abincin da ake kai wa Salisu, ita ke ɗauka ta hau taksi ta ƙetare gada, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a dawo da ita da shi. Idan na gaishe ta takan amsa, don ba ta gaba, amma daga amsa ba ƙari. Haka muka zauna gida ɗaya ni da ita, babu namiji, muna renonku tare. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara sa hannu a kwanona ba. Ban taɓa jin haushinta ba, kuma ban yarda ku ji ba.

Wata bakwai Salisu ya yi. An sake shi bayan girbi, ba shari'a, ba bayani. Ya dawo a rame, kunnensa na hagu ya mutu, idan an rufe ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Kwana uku ina kewaye shi, ina gaishe shi daga nesa. A rana ta huɗu da yamma Inna ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta, na same shi zaune a kan turmi a tsakar gida. Na durƙusa ta gefen damansa.

“Salisu, layin da ya kama ka, ni na bar shi. Kuma an ce in ba da wasu a sake ka, na ƙi.”

“Na sani,” in ji shi. “Kaftin ya nuna mini takardar. Ranar Juma'ar ma da kansa ya zo ya gaya mini, ya ce matar yayanka ta zaɓi wasu a kanka.”

Na ce ya yafe mini na farkon. Na biyun kuwa ban san yadda zan nemi yafiyarsa ba, don ko yau aka sake tambayata abin da zan yi ke nan.

Ya gyara zama a kan turmin.

“Ba zan yi miki ƙarya ba, matar yaya. Wata biyun farko ba irin zagin da ban yi miki ba a zuciyata. Na ce idan na fita ba ni ba ke. Amma ɗakin da aka sa ni, ƙofarsa ta ƙarfe ce, kana jin takun mutum tun daga nesa. Duk sanda na ji ana zuwa sai in ce to, ga ɗaya daga cikinsu an kawo. Biyu daga cikin huɗun ni na lallashe su suka rubuta, ni na ce musu ba abin da zai same su. Ina ta shirya abin da zan ce musu idan an turo su ciki. A buɗe ƙofa, sai in ga abinci ne, ko mai tambaya ne. Wata bakwai ana buɗe ƙofar nan. Ba a taɓa shigo da kowa ba.”

Ya miƙe a hankali, yana dafa bango.

“Kunnen dai ya tafi, kuma ba zan ce na manta ba. Inna ma ki bar ta, ba za ta sauko ba. Jibi zan koma Tawa. Ki zuba mini wannan sabon abin naki a disket in tafi da shi, ki kuma zauna ki koya mini karanta goshin nan da kaina. Ba na ƙara aika abin da ban ga samansa ba.”

Washegari da safe na goya shi a moto muka ƙetare gada zuwa Zongo. Na zaunar da shi gaban inji, na zauna ta damansa, na buɗe saƙo na farko, muka fara daga layin sama.